Inabin Inna a Gyadi-Gyadi

Ranar da muka taso daga Jos kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi. Ni na rungumo keken ɗinkina, yayana Ƙasimu ya ɗaure katifu, mahaifinmu Baba Falalu kuwa sai ga shi da wani ɗan reshe naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Daga inabin da Innarmu Husaina ta shuka a bayan ɗakinta kafin ta rasu ya yanko shi.

"Baba, Kano fa za mu," na ce. "Can ko ƙadangare inuwa yake nema."

"Kubura, ji da kekenki," in ji shi.

Ya dasa shi jikin katangar gidan da muka kama a Gyadi-Gyadi, ya kafa masa rumfar gora. Wallahi ko ɗan fari bai ga wannan gata ba. Ruwan alwalar Baba a gindinsa yake ƙarewa. In bazara ta yi ƙuna sai ya rataya masa jiƙaƙƙun buhuna ta ɓangaren rana, mu kuwa muna ɗaki muna gasuwa. Ganye shar, ya lulluɓe rumfa, amma ɗa ko na magani babu. Shekara da shekaru haka.

Na sha gaya masa abin da masu lambu suke faɗa, cewa a garin zafi sai an aske inabi tas yake haihuwa. Ina! Sai ya ce, "Abin da hannun Husaina ya raina ba mai sa masa wuƙa." Ga tsufa ya zo, ido ya yi rauni, burinsa ɗaya ya rage: ya ɗanɗana inabin nan kafin ya bi ta. Nakan ji haushinsa, nakan kuma ji tausayinsa har in rasa na yi.

Ana gab da Babbar Sallah Ƙasimu ya kawo rago daga Unguwa Uku. Don tsabar wayo, ya rasa inuwar da zai ɗaure shi sai ƙarƙashin rumfar, da doguwar igiya, muka raka Baba asibiti. Muna dawowa muka tarar rago ya kayar da gorar, ya yi wa inabi ƙarƙaf. Sai rassa tsirara.

Na wanke Ƙasimu tas, har maƙwabta suka leƙo. Baba kuwa ya tsuguna yana shafa kututturen, kuma naman ragon nan ko tsoka bai kai bakinsa ba. Amma bai fasa zuba ruwan alwalarsa ba.

Bayan damina ta kankama sai toho ya ɓarke, a jikinsa ga wasu 'yan curi-curi. Na yi ihu har da guɗa. Da suka nuna Baba ya riga ya kwanta, ba ya iya fita tsakar gida. Na tsinko nonon inabi guda, na wanke, na sa masa ɗaya a baki. Ni ma na jefa ɗaya. Kai! Tsami kamar tsamiya.

"Baba, tofar," na ce. "Zafin Kano ya ɓata shi."

Ya girgiza kai, hawaye na gangarowa cikin gemunsa, yana dariya.

"Bai ɓaci ba. Haka na uwarku yake, ban taɓa gaya mata ba ne. Ƙaro mini."