Hayaƙin Ɗanyen Itace

Shekara biyar ke nan idon Hajjo bai kawo ruwa ba. Ba makanta ba ce, don tana hango saniya a bakin daji ta gaya maka ko ta wane ce. Bushewa ce kawai. Da asuba takan farka ta ji fatar idon ta manne, sai ta lalubi gora ta jiƙa yatsa ta shafa kafin ta iya buɗewa. Da rana kuwa kamar an watsa mata yashi, duk ƙiftawa sai ya gurje ta. Har bakinta bai tsira ba, ba ta iya haɗiyar dambu sai da ruwa a gefe.

Rugarsu tana gefen Kakangi, a zamanin da daji ya fi gona yawa a ƙasar Birnin Gwari, mutum ba ya nisa shi kaɗai sai da sanda da addu'a. A nan Hajjo ta yi aure, a nan ta haihu, a nan kuma ta zagaye masu magani har ta gaji. Wanzami ya yi mata ƙaho a gefen goshi. Malam ya ba ta rubutu ta sha, ta wanke fuska da sauran. Wata mai jego ta ɗiga mata nono. Wani maharbi ya kawo mata saiwa daga tsakiyar daji, wadda ya rantse ta taɓa buɗe idon makaho, ita dai abin da ta samu shi ne kwana biyu tana ganin duniya ja. Kowannensu sai ya tale mata ido ya leƙa, ya ce, "Ai garau yake. Ba hakiya, ba yana, ba kwantsa." Daga nan sai ya dube ta irin kallon da ake yi wa mai son a tausaya mata a banza.

Da raɗaɗin ne kaɗai da ta haƙura, don Hajjo ba ragguwa ba ce. Abin da ya fi ci mata rai shi ne 'yarta.

Asama'u ita ce 'yar farinta. Bisa al'ada, tun da aka yaye yarinyar aka miƙa ta ga Goggo Habiba, yayar mijin Hajjo, ita ta raine ta a bukkar da ke kallon tasu. Hajjo ba ta taɓa kiran sunan Asama'u ba, ba ta taɓa ɗora ta a cinya a gaban mutane ba. In za ta ambace ta sai ta ce "'yar Goggo". Wannan alkunya ce, kowa ya san da ita, Asama'u ma ta sani, ba ta taɓa riƙe ta da ita ba. Inda aka samu matsala shi ne ranar da Yero ya rasu.

Yero mijin Hajjo ne, uban Asama'u, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara a damina ya tafi da shi. Mata suka taru a ƙarƙashin kaɗanya, ba ihu ba kururuwa, amma kowace hawaye na bin kuncinta. Hajjo tana tsakiyarsu, ƙirjinta kamar an ɗora masa dutsen niƙa, idonta kuwa ƙaƙas. Ta matse, ta runtse, ko ɗigo. Wasu suka yaba, suka ce ga Bafillatanar asali mai juriya. Goggo Habiba kuwa, wadda ba ta iya barin magana ta kwana a cikinta, ta gyara lulluɓi ta ce, "To, labarin zuciya a tambayi fuska."

Asama'u tana wurin, ta ji, ta kuma dubi fuskar uwarta. Tun daga ranar, shekara biyu ke nan, tsakaninsu sai gaisuwar safe. Sau ɗaya Hajjo ta gwada yi mata bayani, ta ce idonta ne ba lafiya. Asama'u ta sunkuyar da kai cikin ladabi ta ce, "Allah ya sawwaƙe, Inna." Daga yadda ta faɗa Hajjo ta gane ba ta yarda ba. Wa zai yarda, ido fari tas, mai hango saniya a bakin daji?

Ana haka Jumare, mijin Asama'u, ya yanke shawarar tashi. Sau biyu mahara suna leƙo wannan yanki, ya ce ba zai jira na uku ba, da an gama kaka zai kora shanunsa gabas, can bayan kogin Kaduna. Ba tafiyar cin rani ba ce da ake komowa da ruwan fari. Tashi ne na gaba ɗaya, irin wanda in an rabu sai dai labari a bakin fatake. Hajjo ta ƙirga kwanakin a yatsunta, saura bakwai. Tsoro ya kama ta, kada 'yarta ta ƙetare kogi tana ɗauke da cewa uwarta ba ta yi baƙin cikin ubanta ba, kuma ba za ta yi nata ba.

Ba ta da abin faɗa, sai ta ce bari ta yi abin da uwa ke yi, ta samo mata sabuwar tukunya. Ta yi sammako ta bi ayarin masu tallar nono zuwa Randagi, da ƙwaryar kindirmo da curin man shanu a kanta, don a can ake gina tukwanen da ba sa tsagewa a hanya.

Ta tarar ana gasa tukwane a bayan gari. An jera su, an lulluɓe da ciyawa da kashin shanu, an cinna wuta. Iska ta juyo da hayaƙin kan mutane, mata suka watse suna tari suna share ido da bakin zane. Hajjo ta ja da baya ita ma, ta kare fuska da faifai, idonta na ci kamar an zuba barkono. Mutum ɗaya ce ba ta gudu ba, wata tsohuwa gajera mai malfa, tana gyara ciyawar da doguwar sanda. Ita ce Talatu, mai tukwanen. Da hayaƙin ya lafa ta juyo, ta tsaya tana duban Hajjo.

"'Yar Fulani, matso nan," in ji ta. "Sauke faifan."

Hajjo ta sauke. Tsohuwar ba ta tale mata ido ba kamar sauran. Kuncin Hajjo ta shafa da bayan hannu, ta duba hannun, ya fito a bushe.

"Shekara nawa?"

"Biyar, Iya."

"Yarinya ce ke. Ni sha ɗaya. Da asuba manne miki yake yi?"

"Yana mannewa."

"Yashi da rana?"

"Yashi."

"Bakin fa? Ni rabona da ƙuli-ƙuli har na manta ɗanɗanonsa."

Shekara biyar Hajjo tana bayani, yau ga wadda ta riga ta faɗa. Daɗi ya cika ta, ta zauna a kan wani turmi da aka kife. Da mai hawaye ce da a nan za ta zubar da su.

Talatu ta ja ta inuwa, ta miƙo mata ruwa. "Kada ki tambaye ni sunansa, ban sani ba. Kada ki tambaye ni maganinsa, da na sani da ba ki same ni haka ba. Na sha rubutun da zai cika randa. Abin da na iya shi ne lallashi. Safe da yamma ki jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ki ɗora, ki zauna kamar mai jiran ango. In kin tafasa ruwa ki sunkuya kan tururin. Ɗan man shanu a fatar ido in za ki kwanta, ku da kuke da shi a banza. Ki sa malfa, ko sun yi dariya. Hayaƙi kuwa ki guje shi, ni don abincina a cikinsa yake, duk ranar gashi sai na yi kwana biyu ina biya."

Hajjo ta yi godiya. Sannan ta ba ta labarin Yero da kaɗanya da maganar Goggo Habiba, da 'yar Goggo da za ta tashi.

"'Yar Goggo," Talatu ta maimaita tana murmushi. "Ku Fulani da kunya. Suna ba ya fita a baki, hawaye ba ya fita a ido, to ta ina yarinyar za ta gane? Duba za ta yi?" Ta kurɓi ruwa. "Nawa maigidan, Allah ya jiƙansa, shekara uku yana cewa raki ne. Ran nan ya zo karɓar saƙo wurin gashin nan, iska ta juyo mana. Shi yana ta zubar da hawaye kamar an yi masa mutuwa, ya waiwayo ya gan ni ido a bushe. Daga ranar shi yake ɗora mini ruwan ɗumi. Gani ya kori ji."

Ta zaɓo mata tukunya mai kauri, ta ƙwanƙwasa ta ji amonta, ta karɓi kindirmon da man. "In kin shigo Randagi ki nemo ni. Mu zauna mu rufe ido tare, ba sai mun yi wa juna bayani ba."

Kwana shida Hajjo tana ɗora tsumma safe da yamma. Idon bai warke ba, amma asuba ta yi sauƙi, ta kuma daina jin cewa ita kaɗai aka zaɓa a duniya. A cikin kwanakin tana ta juya maganar tsohuwar. Ta san abin da zai biyo baya in ta yi, kwana biyu ko uku na raɗaɗi, wataƙila ma ba za ta iya buɗe ido ta ga tafiyar ba. Ana gobe tashi ta shiga bakin daji ta saro ɗanyen itace, ta ajiye a bayan bukka.

Da safe ruga ta cika da motsi. Ana ɗaure ƙore a kan takarkari, Jumare yana zagaya maruƙa yana duba igiyoyinsu. Hajjo ta leƙa bukkar Goggo Habiba ta ce, "Yaya, a ara mini 'yarki ta taya ni gwada tukunya."

Asama'u ta shigo, ta durƙusa daga bakin ƙofa. Hajjo ta ce ta matso ciki, ta janyo asabari ta rufe. Ta ɗora sabuwar tukunyar a murhu, ta tura ɗanyen itacen kan garwashi, ta sunkuya tana hurawa.

"Inna, itacen nan ɗanye ne."

"Na sani. Zauna."

Hayaƙi ya taso fari, ya rasa hanyar fita, ya cika bukkar. Asama'u ta fara tari. Nan da nan idonta ya cika ya zubo, tana sharewa wani na biyowa. Ta yunƙura za ta ɗaga asabarin, Hajjo ta riƙe mata hannu, abin da ba ta yi ba tun yarinyar tana goye.

"Dube ni."

Asama'u ta duba ta cikin hawayenta. Uwarta tana zaune kusa da murhun fiye da ita, ta buɗe ido da gangan, sun yi jawur kamar garwashin, fatarsu na rawa don azaba. Kuncinta kuwa a bushe, kamar yadda yake a ƙarƙashin kaɗanya.

"Kin ga hayaƙi ma bai fito da su ba," in ji Hajjo, muryarta a dishe. "Ba su nan. Ran da ya rasu na neme su, na roƙi Allah ko ɗigo ɗaya. Yau ma zan neme su, ba zan samu ba. Ban so ki tafi ba ki sani ba."

Asama'u ta fizge itacen daga murhu ta cilla waje, ta yaye asabarin iska ta shigo. Hayaƙin ya fita, amma hawayenta bai tsaya ba, yanzu ba na hayaƙi ba ne. Kunya da nadama suka rufe ta, ta tuna shekara biyu na gaisuwar safe.

"Inna, rufe idon. Don Allah rufe."

Hajjo ta rufe. Ta ji 'yarta tana lalube a bukkar, ta san gorar ruwa take nema, ta kuma san ita kanta ta bar gorar a waje. Can sai ta ji yatsu biyu masu ɗumi a kan fatar idonta, a jiƙe. Suka ɗauke, suka dawo a jiƙe. Asama'u daga kuncinta take ɗebowa tana shafa mata. Ruwan ya ratsa gashin idon, ya yi mata zafi kaɗan saboda gishiri, sannan ya gangaro ta gefen hancinta har haɓa.

Daga waje Jumare ya yi gyaran murya, ya ce rana tana yi. Goggo Habiba ta leƙo don ta ga abin da ya tsayar da 'yarta, ta ga Hajjo zaune ido rufe, fuskarta sharkaf. Ta buɗe baki, ta mayar ta rufe, ta koma.

Hajjo ba ta iya buɗe ido ta ga tafiyar ba. A bakin bukka ta zauna da tsumma a hannu, tana jin takun shanun yana nisa har ya ɓace a daji. Ruwan ɗumin yana gefenta yana hucewa, amma ba ta wanke fuskar ba sai da ta bushe da kanta.