Alawar da ke Cikin Mota

Likitar haƙori ta ɗaga leɓen 'yata, ta nuna min haƙoran gaba guda huɗu, duk sun yi baƙi daga gindi.

"Baiwar Allah, wannan aikin zaƙi ne. Yarinya 'yar shekara biyu fa!"

Na rantse mata ko a shayi ba na sa mata sukari. Tun kafin haƙori ya fito nake goge mata dasashi da tsumma mai tsabta. Da ya fito na sayi ƙaramin buroshi, safe da yamma muna kokawa, tana tsala ihu kamar ana yanka ta. Likitar ta yi min kallon maƙaryaciya. Mijina yana tsaye a gefe, har da girgiza kai.

"Sai ki ƙara kula," in ji shi, a gaban mutane.

Na haɗiye. Muka shiga mota, na ɗora ta a cinya. Ko gyara zama ban yi ba ta miƙa hannu ta danna akwatin gaban motar, dannawar wadda ta saba. Murfin ya buɗe. Alawa mai tsinke ce maƙil, ga ledojin waɗanda aka shanye.

"Baba, ba ni tawa."

Shi ke ɗauko ta daga gidan raino kullum. Wata da watanni tana guduna tana rugawa wurinsa, ni kuwa ina cewa jininsu ne ya haɗu.

Na cire makullin motar na riƙe.

"Malam, fito. Mu koma ciki ka maimaita."