Rubutu a Kwalbar Inji

Wa ke ɗaukar alhakin numfashin mai kisa, shi da ke shaƙa, ko wadda ta ƙera abin shaƙar?

Injiniya Mahfuza ta shekara goma sha biyu tana shugabantar masu gyaran injinan asibiti. Ita ta ƙera ɗan injin iskar numfashi mai aiki da hasken rana, aka rarraba shi a asibitocin ƙauyukan Batsari da Safana. Ranar Talata mutanen daji suka faɗa wa wani asibiti a yankin Runka, suka ɗauke inji ɗaya, suka haɗa da Nafi'u, ma'aikacin jinya, tsohon ɗalibinta. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da ubangidansu.

Ranar Alhamis da hantsi wata baƙuwar lamba ta kira ta.

"Hajiya, injinki ya daina ba da iska. Gaya mana gyaransa."

"Ba don ku na ƙera shi ba," ta ce, ta kashe wayar. Bara da damina mutanen nan suka harbe kawunta yana noma.

Bayan azahar aka sake kira. Wannan karon muryar Nafi'u ce, a dishe.

"Ranki ya daɗe, sun ce ni na lalata shi da gangan. Wai in aka kira la'asar bai tashi ba, ni ma na gama shaƙa."

Ta ja kujera ta zauna.

"Ruwan da ke cikin kwalbar injin, wane launi ne?"

"Baƙi ne. Malaminsu ya zuba rubutu, wai Oga ya shaƙi ayar tare da iska."

Ta lumshe ido. Ta taɓa ganin haka a wani ƙauye, inda wata tsohuwa ta zuba wa jikanta rubutu a injin. Ƙaron da ke cikin tawada ne yake daskarewa ya toshe 'yan hudojin bututu. Aikin minti biyar ne. Daga bayan Nafi'u tana jin wani tari mai nauyi, na mutumin da in ya warke zai sake hawa babur.

Wani ya fizge wayar yana dariya. "Ya ce ke ce uwar injin. To, Inna, inuwa tana tafiya fa."

Ta dubi agogon bango. Uku da kwata.

"Miƙa masa," ta ce. "Nafi'u, juye rubutun a kofi, kada ka zubar a ƙasa su gani. Sa a tafasa ruwa. Akwai allura a jakarka?"