Yatsun Wilf

Alun ya tura ƙofar ɗakin asibitin da kafaɗa, jita rataye a bayansa. Wilf yana kwance kusa da taga, ya rame har kunnuwansa sun yi masa girma.

Shekara arba'in ke nan da aka yi fim ɗin, labarin wasu makaɗa huɗu 'yan Sheffield, ƙungiyar da ba ta taɓa wanzuwa ba sai a majigi. Alun ne ya fito a mai jita. Fuskarsa aka nuna, amma kiɗan na Wilf ne, kuma duk inda kyamara ta sauka a kan yatsu, na Wilf ne. Ba a rubuta sunansa ko'ina ba. Alun kuwa ya yi ta sa hannu a hotuna, bai taɓa cewa uffan ba. Yau da likita ya ce saura kwanaki, ya zo ya mayar wa mutumin da jitarsa, ya nemi gafara.

"Baba, ga baƙo," in ji Hazel, 'yar Wilf.

Wilf ya ƙura masa ido, sai fuskarsa ta washe. "Kai! Mutumin fim ɗin nan! Ina gashin ya tafi, malam?"

"Ya bi haƙoranka, tsohon banza." Alun ya zauna a bakin gado. "Wilf, saurara. Kiɗan nan naka ne. Ni ko tsirkiya ɗaya ban iya ba."

"Ji shi da zolaya! Ni da ko fito ban iya ba?"

Hazel ta sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa. "Ya manta ya taɓa riƙe jita. Fim ɗin kawai ya rage masa, kullum sai ya kalla."

"Yi mana waƙar ƙarshen nan," in ji Wilf. "Don Allah. Na daɗe ina son in gan ka ido da ido."

Alun ya dubi Hazel. Sai ta kunna waƙar a waya, ta tura wayar ƙarƙashin matashi, ta juya tana kallon taga.

Alun ya miƙe, ya gyara tsayuwa yadda aka koya masa, ya shiga kaɗa hannu a saman tsirkiyoyin ba tare da ya taɓa su ba. Wilf yana kallonsa baki buɗe, hawaye na zuba.

A kan bargo, yatsun Wilf na hagu suna bin kiɗan da kansu, ba su kuskure ko sau ɗaya ba.