Shekarar da Na Bi Kwaɗi

A Mabai, zamanin da malamin gona na En'e yake zagaya ƙauyuka a kan keke, ni Nata'ala na naɗa kaina masanin damina. Ilimin nawa kuwa bai wuce kwaɗi ba. Na lura duk shekara in ruwa ya sauka sai su fito daga maɓoyarsu, su gangara fadama su yi ƙwai. Abin da kowane manomi ya sani tun yana goye, ni na riƙe shi kamar ni na gano shi.

A shekarar rumbunmu ya ƙare tun kafin bazara. Abin da ya rage ƙwarya ɗaya ce ta irin gero, wadda matata Suwaibatu ta hana tukunya, muka yi wata biyu muna cin ganyen tafasa.

Wata Alhamis da la'asar aka yi ruwan farko. Da safe na tarar da kwaɗi sun cika burtali sun nufi fadama, ƙananan a bayan manyan, kuka kamar ana biki. Na ruga gida har takalmina ɗaya ya tsinke.

Maƙwabcina Baba Gide ya tona ƙasa da hannu, ya nuna mini laimar ba ta wuce tsawon yatsa ba, ya ce a jira ruwa na biyu. Na ce masa kwaɗi sun riga shi sanin damina. Dattijo mai furfura fa na faɗa wa haka, har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Suwaibatu ta roƙe ni in bar ko rabi ne. Na ce mai shakka ne ke shuka rabi. Na zuba irin nan kaf a ƙasa.

Kwana huɗu gero ya tsiro, ni kuwa har tafiyata ta sauya. Daga nan sama ta washe, kwana goma sha tara ko ɗigo. Ruwan fadama ya janye, 'ya'yan kwaɗi suna mutsu-mutsu a taɓo, shamuwa na tsince su. Na tsaya ina kallo, sai a lokacin na gane malaman nawa ma cankar suke yi. Gerona ya ƙone a makon.

Da ruwan gaske ya zo, gari duk ya fita shuka. Kwaɗi suka sake cika burtali da kukansu, ko kunya babu. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina zaginsu, Suwaibatu ta ce, "Bar su hwa, Malam. Su sun rage wasu ƙwan a ciki. Kai mi ka rage?"

Na miƙe. Na ɗauki sungumi na nufi gonar Baba Gide ƙwadago, ko zai sallame ni da tafi biyu na iri.