Robar Agogon Sajan Attahiru

Shekara goma sha ɗaya ina gyaran agogo a bakin kasuwar Gusau, kullum daga Bungudu nake zuwa, ban taɓa yin kuskure a aiki ba sai ranar da Sajan Attahiru ya tsaya a kan teburina. Lokacin mulkin soja ne, wanda ya ga kaki ya san inda dare ya yi masa. Shi kuwa Sajan, duk direban da ke bin hanyar Tsafe ya san shingensa, ya kuma san bulalarsa.

Ya ajiye agogonsa ya ce, "Batir da maɗauri. Wanga agogo daga Laberiya na zo da shi, ruwa ba ya shiga tai. In ya shiga, kai ne."

Na buɗe murfin da 'yar wuƙata, na sa batir, na ɗaura masa sabon maɗaurin fata, na ce ya riƙa cire shi in zai yi alwala, don fata ba ta son ruwa. Duk wannan yana tsaye a kaina yana huci. Ya karɓa ya tafi.

Sai da na zo kakkaɓe tebur na ga wata 'yar roba, siririya kamar zare, manne a gefen wuƙata. Robar da ke zama ƙarƙashin murfi ce, ita ke hana ruwa shiga. Ni da nake yi wa masu gyaran bakin tasha dariya don suna yar da ita!

Na ƙulle ta a takarda, na bar wa maƙwabcina Tambaya tebur, na shiga motar Tsafe. Damina ce, ga hadari ya haɗo ta gabas. Tun daga Gusau nake roƙon Allah ya riƙe ruwan nan, ni ɗan manomi, a watan da gero ke nemansa.

Na sauka a shingen ana kiran Azahar. Sajan yana tsugune da buta, ya ɗago kai.

"Mai agogo? Mi ya kawo ka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, maɗaurin na zo in duba."

Ya kwance agogon ya miƙo mini. "Riƙe. Kai ka ce fata ba ta son ruwa. Ka yi salla?"

"Na yi a hanya," in ji ni. Ƙarya ce tsagwaronta.

Su Sajan suka ta da kabbara a gindin dalbejiya, ni kuma na juya baya. Raka'a huɗu gare ni. A ta farko na ɓalle murfin. A ta biyu robar ta suɓuce ta faɗa cikin yashi, na durƙusa ina lalube, gumi yana shiga idona. Na same ta a ta uku, na goge da bakin riga, na shafa mata ɗan basilin, na zaunar da ita. Murfin ya ce ƙas daidai lokacin da liman ya yi sallama.

Sajan ya karɓi agogonsa, ya kira abokan aikinsa. "Ku zo ku ga abin da nike gaya muku." Ya kama bakin maɗaurin ya tsoma kan agogon cikin bokitin alwala, yana kallona. Na ƙirga har ashirin a zuci.

Ya ciro shi. Gilashin garau, hannun sakan yana tafiya abinsa.

"Ka iya aiki," ya ce. Ya tare mini mota da kansa.

Mun wuce shingen kenan ruwa ya kece. A nan na tuna ban yi Azahar ba, na kuma yi ƙarya a kanta. Kunya ta kama ni, don a ranar na ji tsoron Sajan Attahiru fiye da Wanda suke yi wa sallar.