Kujerar Masu Babbar Riga

Saura wata biyu sojoji su miƙa mulki, Malam Nu'uman kafinta ya fara shawarar rufe shagonsa na Ƙofar Guga ya koma noma a Batagarawa. Tun da kujerun waje suka cika gari, ga ƙyalli ga araha, ba a kawo masa komai sai gyaran ƙafar benci da ƙyauren taga. Ya gaya wa matarsa Furera cewa in damina ta faɗi bai samu aikin kirki ba, to zarto da guduma sun huta.

Ana haka sai ya ji Alhaji Mannir na Gobarau, wanda ya ci zaɓen majalisa, yana neman kujeru talatin, don baƙi sun yi wa falonsa yawa. Nu'uman bai taɓa katako ba tukuna. Safiya uku ya yi yana zuwa gaisuwa gidan, ya raɓe gefe yana kallon yadda dattawa ke zama: a tattara riga, a saɓa hannuwanta a kafaɗa, a naɗe ƙafa ɗaya. Daga nan ya koma ya yi kujera guda da icen maɗaci, mai faɗin mazauni, gajeriya kaɗan, ya goge duk wata kusurwa har ta yi santsi.

Ranar da ya turo ta a kura, ya tarar taubashinsa Sammani, dillalin kayan waje, ya riga shi da wata baƙar kujera mai tayoyi.

"Bawana, mi ka ɗauko mana? Turmi?" in ji Sammani.

"Turmin kakarmu ya haura shekara hamsin, har gobe daka ake."

Alhaji Mannir ya hau baƙar kujerar, ya jingina, ya juya dama, ya juya hagu yana dariya. Falon ya ɗauka, "Sai Alhaji!" Ko kallon ta Nu'uman bai yi ba. Nu'uman ya fara laluben takalminsa da ido.

Sai aka yi sallama. Malam Babaji ne, tsohon da ya koya wa Alhaji karatu. Alhaji ya zabura zai durƙusa ya gaishe shi, ashe bakin shaddarsa ya nannaɗe a taya. Kujera ta biyo shi, riga ta ce ƙeee, tun daga ƙasa har gwiwa. Kowa ya sunkuyar da kai yana cije leɓe.

"Mannir," in ji tsohon, "ba a ko rantsar da ku ba, har kujera ta riƙe ka?"

Nan dariya ta ɓarke, ta Alhaji ta fi ta kowa. Sammani ya tsuguna yana warware rigar, yana cewa ai masu kwat da wando aka yi wa ita.

"To duba ɗakin nan, Sammani, ka nuna mani mai kwat," in ji Alhaji.

Da yake babu wurin zama, sai aka jawo wa Malam Babaji kujerar maɗaci. Ya zauna, ya baza rigarsa, ya naɗe ƙafa, ya shafa hannun kujerar ya ji babu abin da ke kamawa.

"Ikon Allah. Wa ya auna ni?"

"Allah ya gafarta Malam, zamanku na kalla," in ji Nu'uman.

Alhaji ya roƙi malaminsa ya ɗan ba shi wuri. Ya zauna ya tashi, ya sake zama ya tashi, riga ba ta maƙale ba.

"Malam Nu'uman, talatin. Kafin rantsuwa za su samu?"

"Ranka ya daɗe, ba zan yi maka ƙarya ba. Sha biyu dai, in na kira maƙwabtana biyu. Sauran sai bayanta."

"Kira su. Masu kwat ɗin ma sai su jira."

A ƙofar gida Nu'uman ya kama kurarsa, bakinsa ya ƙi rufuwa, ya ƙosa ya kai wa Furera labari. Sammani ya fito rungume da baƙar kujera yana haki.

"Haba ɗan'uwa, ara mani kurar mana in kai ta shago."

"Ai tana da taya, bawana. Tura ta."